Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Marubutan Hausa Kan Farashin Littattafan Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, malamanmu da yayyenmu maza da mata da Allah ya ɗora wa jagorancin ƙungiyoyin marubuta, ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri. Daga Sakkwato nake rubuto muku, inda na daɗe ina sana'ar gyaran rubutu da tsara littafi ga marubuta, yawancinsu mata masu rubutu a waya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ta yi ƙarfi a tsakaninmu, cewa ƙungiyoyi su zauna su yanke farashi ɗaya: daga yau kada kowa ya sayar da littafinsa ƙasa da kaza, wanda ya karya kuma a juya masa baya. Na san zafin da ya haifi wannan magana, ni ma yana ci mini rai. Amma ina roƙonku kada ku bi ta nan. Abin da ya kamata ku tsaya a kai shi ne kowane marubuci ya riƙe ikon yanke wa littafinsa farashi da kansa, ya kuma san ko kwafi nawa aka sayar. Wannan ikon ne ke zamewa daga hannunmu, kuma farashi ɗaya ba zai dawo da shi ba.

Kun fi ni sanin yadda harkar take, amma bari in faɗe ta kamar yadda nake ganinta a nan. Akwai wata baiwar Allah a Mabera da nake duba wa rubutu. Sai ta sallami yara, ta kammala da kwanuka, sannan ta zauna da waya ta fara buga labari da babban yatsa. In an kawo wuta ta jona caji tana rubutu a tsaye kusa da bango, in ba a kawo ba ta aika wayar wurin mai caji da safe. Watanni take yi a kan littafi ɗaya. Idan ya kusa kammala sai ta saki shafukan farko kyauta, ta rubuta a ƙasa cewa littafin kuɗi ne, ga lambar asusu, naira 500, a turo shaidar biya. Ita ce marubuciya, ita ce mai talla, ita ce mai duba shaidar biya ɗaya bayan ɗaya tana saka mutane a rukunin WhatsApp. Kafin gari ya waye wata daga cikin waɗanda suka biya ta fitar da shafin, ya bazu a wurare goma. Da ta gaji da wannan sai ta kai littafin wata manhaja da ta yi mata alkawarin kariya daga ɓarayi. Kariyar ta samu daidai gwargwado. Sai dai wata rana ta buɗe ta tarar an yi wa littafinta ragi saboda garaɓasar da masu manhajar suka shirya, babu wanda ya tambaye ta, kuma rabonta daga ragaggen kuɗin aka lissafa shi. Da ta yi magana aka nuna mata cewa ai ta danna "na amince" ranar da ta yi rajista.

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. An yi ta a Amurka tsakanin manyan kamfanonin ɗab'i da masu sayarwa ta intanet, an kai ta kotu, an biya miliyoyin daloli, kuma ina ganin duk wanda zai yanke mana shawara ya kamata ya san yadda ta kaya.

A watan Nuwamba na 2007 kamfanin Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle, ya riƙa sayar da sababbin littattafan da suka fi kasuwa a kan dala 9.99. A lokacin tsarin sari ake yi: kamfanin ɗab'i ya sayar wa Amazon littafi a kan kusan rabin farashin da aka buga a bangonsa, shi kuma Amazon ya sayar yadda ya ga dama. Littattafai da yawa Amazon yana sarinsu a kan dala 12 ko 13, ya sayar 9.99, wato yana faɗuwa a kan kowane kwafi da saninsa. Yana yin haka ne don mutane su sayi na'urarsa su saba da shagonsa, kuma dabarar ta ci, domin kafin 2010 kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar littattafan na'ura a Amurka tana hannunsa. Masu ɗab'i suna karɓar kuɗinsu cif, amma hankalinsu bai kwanta ba. Suna tsoron mai karatu ya saba da cewa littafi bai wuce dala goma ba, ya daina sayen na takarda, shagunan unguwa su mutu, ranar da Amazon ya zama shi kaɗai kuma ya juyo ya ce a rage masa kuɗin sari, ba su da wurin zuwa.

A Janairun 2010 kamfanin Apple ya zo da iPad da nasa shagon littattafai, ya kawo musu wani tsari, wanda mu a nan za mu kira dillanci. Duk wanda ya taɓa kai dabba kara ya san bambancin. In ka sayar wa ɗan sari, dabba ta zama tasa, ya sayar da riba ko da faɗuwa ba ruwanka. In ka ba dillali, dabba taka ce har a sallama, kai ke cewa "albarka" ko "na sallama", shi kuma ya karɓi la'adarsa. Apple ya ce masu ɗab'i su yanke farashi, shi ya ɗauki kashi 30. Kamfanoni biyar daga cikin manyan shida suka shiga: Hachette, HarperCollins, Macmillan, Penguin da Simon & Schuster. Sababbin littattafai suka koma dala 12.99 zuwa 14.99.

A nan akwai abin da nake so ku tsaya ku duba da kyau. Littafin da aka sayar dala 12.99 a sabon tsarin, in an cire kashi 30, abin da ke zuwa hannun mai ɗab'i kusan dala 9 ne. A tsohon tsarin yana karɓar 12 ko 13. Wato waɗannan kamfanoni, da akantocinsu da lauyoyinsu, sun yarda su karɓi kuɗi ƙasa da na da a kan kowane kwafi, muddin farashi ya dawo hannunsu. Sun gane cewa wanda ke yanke farashi shi ke da kasuwa. Mu kuwa muna miƙa wannan ikon kyauta da danna maɓalli ɗaya, ba mu ko karanta abin da muka amince da shi ba, sau da yawa ma da Turanci aka rubuta shi, cikin ƙananan baƙaƙe.

Amazon bai karɓi sauyin da sauƙi ba. A ƙarshen watan Janairun 2010 ɗin, da shugaban Macmillan, John Sargent, ya je ya shaida masa sabon tsarin, sai Amazon ya cire maɓallin saye daga littattafan Macmillan gaba ɗaya, har da na takarda. Bayan kusan mako guda ya sauko ya amince. Masu ɗab'i suka ga kamar sun yi nasara.

Sai ga gwamnati. A watan Afrilun 2012 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka Apple da kamfanonin biyar a kotu bisa zargin haɗa baki don tsauwala wa masu karatu farashi. Kamfanonin ɗab'in duk suka nemi sulhu, suka biya masu saye diyyar da ta kai dala miliyan 166. Apple ya ƙi, aka yi shari'a, a Yulin 2013 mai shari'a Denise Cote ta same shi da laifi. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta ƙi sauraren batun a Maris 2016, ya biya dala miliyan 450. Kotu ba ta ce tsarin dillanci haramun ne ba. Laifin shi ne masu gasa da juna sun yi ta ganawa suna kiran juna a waya suna tabbatar wa juna cewa tare za su ɗaga farashi. Da kowane kamfani shi kaɗai ya yi cinikinsa da Apple, da maganar ta bambanta. Kuma wanda suka yi duk wannan don su rage wa ƙarfi, shi ne ya fita daga rigimar ba tare da ya biya ko sisi ba.

Wannan shi ne dalilina na farko na tsoron farashi ɗaya. Mu ma muna da doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar kula da gasa da kare masu saye, wato FCCPC, ta hana masu sana'a ɗaya haɗa baki su ƙayyade farashi, kuma hanin ya shafi shawarar da ƙungiyar 'yan kasuwa ta yanke. Wani zai ce wa zai kula da marubutan Hausa har ya kai su ƙara. Wataƙila babu. Amma ƙungiyar da ke son zuwa gaban hukuma ta kai kukan ana zaluntar 'ya'yanta, bai kamata ta je da laifi a hannunta ba.

Dalili na biyu ya fi wannan kusa da mu. Farashi ɗaya manya yake yi wa amfani. Marubuciyar da ta yi suna, masu karatunta za su biya ko nawa ta ce. Yarinyar da ta fito da littafinta na farko ba ta da abin jan mutane sai sauƙin kuɗi. In kuka ce dole ta sayar daidai da wadda ta shekara goma tana rubutu, kun rufe mata ƙofa, ko kuma kun tura ta ta riƙa karya dokarku a ɓoye, a zo ana zargi da gaba. Littafi mai shafi ɗari da mai shafi dubu ma ba kuɗinsu ɗaya ba. Sannan ku tuna da wanda ke saye. 'Yar makarantar da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ke lissafin kuɗin mota zuwa mazaunin dindindin da na abinci da na data, in littafi ya fi ƙarfinta ba za ta daina karatu ba, za ta jira na sata ne. Matar aure a Gwadabawa ko Tambuwal da ke tara canjin cefane ta ba ƙaninta ya tura mata ta wurin mai POS, har da ladan turawa, ita ma haka. A garin da littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello da waƙoƙin Nana Asma'u suka yaɗu ta hanyar kwafin hannu har suka kai ƙauyuka, ba zan so a ce mu ne muka sa karatu ya gagari talaka ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa masu shagunan intanet ba su da hujja. A rigimar da Amazon ya yi da Hachette a 2014, ya fito da lissafinsa ya ce littafin da zai sayar da kwafi ɗaya a dala 14.99, zai sayar da 1.74 in aka sa shi 9.99, don haka kowa zai fi samu. Lissafin mai shago ne, don kansa ya yi shi, amma akwai gaskiya a ciki: sauƙi yana jawo masu saye. Na ga marubutan da suka rage kuɗi suka fi samu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya yanke maka wannan shawara a kan dukiyarka. Kuma ku dubi yadda aka yi da marubuta a waccan rigima. Wata da watanni Amazon yana jinkirta aika littattafan Hachette, ya hana a yi odar sababbi kafin fitowarsu, ya rage musu ragin da ya saba yi. Marubutan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka ga cinikinsu ya faɗi. Sama da 900 suka sa hannu a wasiƙar da aka buga a cikakken shafi na jaridar New York Times a watan Agusta. Sai a Nuwamba aka sasanta, Hachette ya riƙe ikon yanke farashi. Su suna da kamfani mai ƙarfi a bayansu, duk da haka sun sha wuya. Tamu marubuciyar ita kaɗai ce da wayarta.

Akwai ƙasashen da suka bi wata hanya. A Faransa, tun 1981 doka ta ce mai ɗab'i shi ke yanke farashin littafinsa, kuma mai shago ba zai yi ragin da ya wuce kashi 5 ba. A 2011 suka yi wa littattafan na'ura tasu dokar. Jamus ma tana da irin wannan. Masu son farashi ɗaya a cikinmu sukan kawo misalin waɗannan ƙasashe, amma ba abin da suke nema ba ne. A can kowane mai littafi nasa farashin yake yankewa, doka kuma ta tilasta wa masu shago su girmama shi. Majalisa ce ta yi dokar, ba 'yan kasuwa ne suka kulle ɗaki suka yanke ba.

To me nake roƙonku? Ku rubuta mana takardar yarjejeniya ta misali, da Hausa, gajeriya, wadda kowace marubuciya za ta iya karantawa a wayarta ta gane. Ku nemi lauyoyi da malaman jami'a su taimaka, muna da su a Sakkwato da Kano da Zariya, kuma da yawansu masu karanta littattafan nan ne. A cikinta a bayyana cewa mai littafi ke yanke farashi, kuma ba za a yi ragi ko garaɓasa ba sai da izininsa. In mai manhaja yana son yin ragi don ya jawo jama'a, ya yi daga cikin la'adarsa. A bayyana kason kowa da lamba, da ranar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin cirewa na banki. Amazon, duk da abin da na faɗa a kansa, ya rubuta nasa a fili a 2010: mai buga littafin kansa zai samu kashi 70 in farashin yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan kashi 35. Kana iya ƙin tsarin, amma ka san shi kafin ka shiga. Mu ma abin da muke nema ke nan.

Inda na fi jin tsoro shi ne tsarin da ake sayar wa mai karatu maki, shi kuma ya riƙa buɗe babi da makin, ko ya biya kuɗin wata ya karanta duk abin da ya ga dama. A nan littafi ba shi da farashi kwata-kwata. Amazon ya fara nasa tsarin na kuɗin wata a 2014, daga 2015 kuma ya koma biyan marubuta bisa yawan shafukan da aka karanta, daga wani asusu da shi ke yanke yawansa duk wata, kuma sai ka yarda ba za ka sayar da littafin na'urar a wani wuri ba na tsawon kwana 90. In irin wannan tsari ya kafu a wurinmu babu ƙa'ida, marubuciya za ta ga an turo mata kuɗi ba ta san daga ina aka lissafo su ba. Dole ta iya buɗe shafinta ta ga mutum nawa suka karanta, maki nawa aka kashe, kowane maki naira nawa ne. Wanda ya ƙi nuna lissafi, ku sanar da 'ya'yan ƙungiya cewa ya ƙi. Wannan ba haɗa baki kan farashi ba ne, faɗin gaskiya ne.

Sai maganar mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sayar da haƙƙi ko ba wa wani shi kaɗai izini sai a rubuce. Mutanenmu da yawa ba su san bambancin ba da izinin sayarwa da sayar da littafin ɗungurungum ba. Na ga wadda aka ba kuɗi kaɗan a dunƙule lokacin da take cikin matsi, daga baya ta ji ana karanta littafinta a YouTube, ta je yin magana aka ce ai ta sayar. Yarjejeniyar misalin ta ƙayyade wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, bayan nan littafi ya koma hannun mai shi. Ta raba haƙƙin karantawa a murya da na mayarwa fim daga haƙƙin sayar da rubutu. Dokar nan kuma ta ba mai haƙƙi damar rubuta wa masu shafin intanet su sauke abin da aka sata. Marubuciya ɗaya ba za ta iya bin wannan ba, amma ƙungiya tana iya ware mutum biyu su riƙa yi wa kowa, su kuma riƙa kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da sunan ƙungiya. In aka rage sata, rabin kukan farashi ya tafi, domin mai karya mana kasuwa na gaskiya shi ne wanda ke raba littafin a banza.

Kada a manta da ranar da shago zai rufe. OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinsa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ko kamfanin Microsoft, da duk girmansa, ya rufe shagon littattafansa a 2019, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, sai kuɗinsu aka mayar musu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu a rubuta cewa in manhaja za ta rufe, za ta ba da sanarwa da wuri, ta biya bashin da ke kanta, ta mayar wa kowa rubutunsa, ta kuma faɗi makomar abin da masu karatu suka biya. Su ma amana suka ba mu. Ku kuma ja hankalin marubuta kowa ya ajiye kwafin aikinsa a wani wuri daban, don akwai waɗanda littafinsu kaf a cikin manhaja da waya ɗaya yake.

Masu manhajojin nan da yawansu 'ya'yanmu ne, matasan Arewa da suka zuba kuɗinsu da basirarsu, suna biyan ma'aikata da kuɗin ajiyar bayanai da dala. Ba abokan gaba ba ne, kuma in sun mutu mu ma mun yi asara. Ku gayyace su zama, ku ji nawa suke kashewa, su ji nawa marubuciya ke kashewa a data da caji da gyara da zanen bango. Ku gayyato masu sayar da littattafan takarda, waɗanda suka ga yadda kasuwarsu ta ja baya, suna da abin faɗa. Ku sa mata a gaba a zaman, domin su ne mafi yawan masu rubutun da masu karatun, kuma ku yi shi ta yadda wadda ba za ta iya baro gidanta ba za ta turo muryarta a saurara.

In kun tashi yin zaman, muna roƙon kada ya tsaya a Kano kaɗai. Marubutan Sakkwato da Kabi da Zamfara suna da yawa, kuma a shirye muke mu nemi ɗaki, mu tattaro kwafin sharuɗɗan da 'yan uwa suka riga suka amince da su a manhajoji daban-daban, mu fassara su zuwa Hausa kafin ranar, don a tattauna a kan abin da ke rubuce.

Allah ya yi muku jagora, ya ƙara haɗa kanmu.

Wassalam.

Ɗan uwanku a harkar rubutu,
daga birnin Sakkwato.